15 ga Afrilu: Tun daga Laraba ake gane Juma'a

Iyayenmu da kuka daure kuka fito cikin wannan zafi na bazara, malamanmu, ƴan uwana samari da ƴanmata, sannunku da zuwa. Waɗanda ke tsaye can baya, akwai sauran tabarma nan gefen masu shayi, ku matso. An ce mini minti talatin gare ni, to zan yi ƙoƙari kada in ci lokacin wanda zai zo bayana.

Yau 15 ga watan Afrilu. Da safen nan, kamar kullum, wani ya turo cikin gurup ɗinmu na WhatsApp irin rubutun nan da kuka sani, tarihi a rana irin ta yau. Kowa ya ɗora ma shi ɗan yatsa ya wuce, ni ma haka nike yi kullum. Amma na yau ya tsaida ni, dan akwai sunan ƙasarmu a ciki. Bari in karanto muku kaɗan.

A 1452 aka haifi Leonardo da Vinci a ƙasar Italiya. A 1707 aka haifi Euler, masanin lissafi, a Basel ta ƙasar Suwizalan. A 1865 shugaban Amurka Abraham Lincoln ya cika, bayan an harbe shi a daren da ya gabata. A 1889 aka haifi Philip Randolph, jagoran ƙwadago na baƙaƙen fatar Amurka. A 1912 jirgin ruwan Titanic ya nutse, kuma ranar ce aka haifi Kim Il Sung na Koriya ta Arewa. A 1958 ƙasashen Afirka masu ƴanci suka buɗe taronsu na farko a Akra. A 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Yamai. A 1986 jiragen Amurka suka yi ruwan bama-bamai kan Tarabulus da Bengazi. A 2014, daren 14 wayewar 15, aka sace ƴanmata 276 daga makarantarsu a Chibok. A 2019 gobara ta ci cocin Notre-Dame a Paris. A 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum.

Ƙarƙashin rubutun wani ɗan uwa ya ce: kai, wannan rana ba ta da sa'a. To ni ban yarda ba, kuma abin da ya kawo ni gabanku ke nan. Ɗauki kowace rana cikin 365, in ka tona za ka iske haihuwa da mutuwa, gobara da biki. Ita kanta ranar ma mutane ne suka aza ta. A 1582, da aka gyara kalandar Turawa, mutanen Roma sun kwana ranar 4 ga Oktoba suka wayi gari 15 ga Oktoba, kwana goma suka ɓace a takarda. Ke nan 15 ga Afrilun Leonardo da namu ba su ma faɗa wuri ɗaya cikin shekara ba. In kuma ka koma ga lissafin Hijira, waɗannan abubuwa duk sun watse, kowane da watansa. Kwanan wata ƙusa ce kawai da aka kafa a bango, muna rataya ma ta kaya.

Saboda haka in kun ga irin wannan jeri, tambaya biyu nike so ku riƙa yi. Ta farko: mi ya faru kafin ranar? Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Jerin nan Juma'a kaɗai yake nuna muna, Larabar ya ɓoye ta. Ta biyu: wa ya rubuta, kuma wa aka bari ba a rubuta ba?

Mu fara da Titanic, tunda kowa ya ga fim. Jirgin ya tashi daga Ingila za shi Amurka da mutum wajen 2,200. Ya bugi dutsen ƙanƙara da ƙarfe 11:40 na dare, ya nutse ƙarfe 2:20, sama da mutum 1,500 suka mutu. Wannan ita ce Juma'a. Larabar fa? Kwale-kwalen ceto 20 ne cikin jirgin, kuma ko an cika su maƙil mutum 1,178 kaɗai za su ɗauka. Abin mamaki, masu jirgin ba su taka doka ba. Dokar ta 1894 ce, ta ce duk jirgin da ya wuce tan 10,000 kwale-kwale 16 sun ishe shi. Jirage suka yi ta girma har Titanic ya zarce tan 46,000, doka tana nan inda aka bar ta. A yinin ranar an aiko da saƙonni da dama cewa akwai ƙanƙara a gaba, jirgi bai rage gudu ba. Da aka zo ceto, fiye da rabin masu tikitin aji na ɗaya sun tsira, amma cikin talakawan aji na uku wajen uku cikin huɗu ruwa ya ci su. Ƙanƙara ba ta san mai kuɗɗi da talaka ba. Tsarin jirgin ne ya san su, tun kafin ya bar tasha.

Yanzu mu dawo gida. Daren Lahadi wayewar Litinin, 15 ga Afrilu 1974, lokacin hutun Ista, soja ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché suka kama shugaba Diori Hamani. Cikin daren aka kashe matarsa Aïssa a fadar shugaban ƙasa. Shi kuwa aka tsare shi shekara da shekaru, sai 1987 ya samu cikakken sakewa, ya rasu a Rabat a 1989. A lakwal layi biyu aka ba mu a kan wannan, muka hardace dan jarrabawa.

Amma ku tambayi iyayenmu da ke zaune nan, su sun ga Larabar da idonsu. Tun 1968 damina ta fara gazawa, shekara bayan shekara. A 1973 dabbobi suka yi ta faɗuwa a kan hanyar rijiya, gujiyar da ta riƙe Maraɗi da Damagaram ta karye, makiyaya da manoma suka kwararo birane. Unguwar da muke ce ma Lazaret a Yamai, sansanin waɗanda fari ya koro ne a wancan lokaci. Taimakon hatsi ya shigo daga waje, sai magana ta cika gari cewa wasu manya suna karkatar da shi. To wa zai faɗi wannan magana a fili? Jam'iyya ɗaya ce tilo, PPN-RDA. Sawaba ta Djibo Bakary an hana ta tun 1959. A zaɓen 1965 da na 1970 shugaba ba shi da abokin takara, ƙuri'a kusan ɗari bisa ɗari. Ƴan makaranta da malamansu suka yi yajin aiki, aka amsa musu da kulki. A gefe guda Diori yana jayayya da Faransa kan kuɗɗin uraniyum na Arlit, shugaban Faransa Pompidou ya mutu ranar 2 ga Afrilu, kuma daren da abin ya faru sojan Faransa da ke Yamai ba su motsa ba. Gwamnatin da ta toshe duk ƙofar da talaka zai yi kuka, ita ma ba ta da ta inda za ta ji cewa bango ya tsage. Kun san wanda ke shiga in bango ya tsage.

Ku kuma dubi abin da ya biyo baya, dan gaskiya ba ta da rabi. Mutane da yawa sun yi murna. An buɗe rumbuna, an raba hatsi, an farfaɗo da samariya, ma'aikaci ya shiga zuwa aiki kan lokaci dan tsoro. Amma an jingine kundin tsarin mulki, an rusa majalisa, an hana jam'iyyu, kuma shekara 13 mutum ba ya maganar siyasa sai ya waiga hagu da dama. Har gobe in ka ambaci Kountché a fada, wani tsoho zai ce Allah ya jiƙan maza, wani ya yi shiru dan an tafi da ɗan uwansa bai dawo yadda ya tafi ba. Dukkansu gaskiyarsu suke faɗi. Sai da ɗalibai suka zubar da jini a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka yi taron ƙasa a 1991, kana baki ya buɗe. A zamanin Kountché 15 ga Afrilu ranar bikin ƙasa ce. Yau ɗan shekara ashirin bai ma san an taɓa yi ba. Mai mulki shi ke ja ma kalanda jan layi, na bayansa ya zo ya goge.

Bayan 1974 mun ga 27 ga Janairu 1996, 9 ga Afrilu 1999, 18 ga Fabrairu 2010, da 26 ga Yuli 2023. Na san cikin wannan fili ra'ayinmu ya rabu a kan kowace ɗaya, kuma ban zo raba gardama ba. Abu ɗaya nike so mu riƙe tare: ko mai kaki ne a sama ko mai babbar riga, ranar da aka daina sauraren na ƙasa, Laraba ta shiga. Wanda ya gaya ma shugaba cewa tiyar hatsi ta gagari talaka, taimakonsa yake yi, ko da shugaban bai ji daɗi ba.

Sudan kuwa darasinta ya fi zafi, dan wutar ba ta mutu ba. Safiyar Asabar, cikin goman ƙarshe na azumi, mutanen Khartum suka farka da ƙarar bindiga tsakanin sojan Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti. Amma RSF ba daga sama ta faɗo ba. Daga mayaƙan Janjawid na Darfur ta fito, gwamnatin Omar al-Bashir ta yi ma ta suna da kaki a 2013, dan ta zama garkuwarsa. Matasa da mata suka cika tituna har aka ture Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019. A 25 ga Oktoba 2021 janar ɗin biyu suka haɗa kai suka kori fararen hula daga mulki. Daga nan rigima ta koma tsakaninsu: cikin shekara nawa za a narkar da RSF cikin soja, biyu ko goma, kuma wa zai kasance a sama? Ƙasa ɗaya, soja iri biyu, kowa yana kallo shekara goma. Yau sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. Kuma wannan ba labarin nesa ba ne. Akwai Hausawa jikokin mahajjatan da suka bi hanyar Makka da ƙafa, da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Suna cikin waɗanda ke gudu, da harshen da nike muku magana da shi suke kiran ɗiyansu.

Kada ku ce Laraba sharri kaɗai take haifarwa. Rana mai kyau ma shirya ta ake yi. Taron Akra na 15 ga Afrilu 1958 ƙasashe takwas ne kacal suka zauna: Gana, Habasha, Laberiya, Libiya, Maroko, Sudan, Tunisiya da Masar, wadda a lokacin ta haɗe da Siriya. Nijar ba ta ciki, muna hannun Faransa, sai watanni biyar bayan haka aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, inda Sawaba ta ce a'a. Taron ne ya sa aka riƙa kiran 15 ga Afrilu ranar ƴancin Afirka, kafin a maida ta 25 ga Mayu a 1963. To amma shekara 13 kafin nan, a 1945, Kwame Nkrumah ɗalibi ne marar ko sisi a Ingila, shi da George Padmore suna rubuta wasiƙu suna jera kujeru dan taron Manchester. Mutanen da suka jera kujerun nan su ne suka tarbi baƙi a Akra.

Haka Randolph da aka haifa a rana irin ta yau. A 1925 ya kafa ƙungiyar baƙaƙen fata masu hidima cikin jiragen ƙasa, masu ɗaukar kaya da gyaran gado. Kamfanin Pullman ya ƙi ko zama da su. Shekara 12 suna tara ɗan kuɗɗin ƙungiya, ana korar wasu daga aiki, sai 1937 kamfani ya sa hannu. Babban gangamin Washington na 28 ga Agusta 1963, wanda duniya ke tunawa da jawabin Martin Luther King, wannan tsoho ne shugabansa, yana da shekara 74. Kuma a 15 ga Afrilu 1960, wata mata mai suna Ella Baker ta tara ɗalibai a jami'ar Shaw, ta ba su shawara su kafa ƙungiyarsu ta kansu kada su zama ƴan amshin shatan manya. Sa'o'inmu ne, wasu ma ba su kai mu ba. Mu da ke karaya in mun kira taro mutum goma suka zo, mu tuna da shekara 12 ɗin nan.

Yanzu tambaya ta biyu, wa ya rubuta? Ranar da aka haifi Leonardo ba wanda ya san za a yi Mona Lisa. Jariri ne a ƙauye, uwarsa Caterina talaka, ubansa bai aure ta ba. Ta yaya muka san ranar haihuwarsa bayan shekara sama da 570? Kakansa Antonio ne ya buɗe wani tsohon littafin gidansu, ya rubuta a shafin ƙarshe cewa an yi ma shi jika ranar Asabar 15 ga Afrilu da dare, ya sa sunan yaron da sunayen shaidu. Tsoho ɗaya da alƙalami. Daga baya uban ya kai shi koyon sana'a wurin Verrocchio a Florence. Euler kuma, waɗanda suka yi lissafi a lise sun sha wuyar harafin e da f(x), to shi ne mai su. Ya shiga jami'a yana ɗan shekara 13, wani babban malami Johann Bernoulli ya ware ma shi yammacin kowace Asabar yana duba inda ya kakare. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, bai daina aiki ba, yana faɗi ana rubutawa. Shi kuwa Kim Il Sung, da mulki ya zo hannunsa aka maida ranar haihuwarsa babbar sallar ƙasa, har ƙasar ta taɓa ƙirga shekarunta daga 1912. Rana ɗaya ta haife su duka. Abin da aka yi da su, da abin da suka yi da mutane, shi ya raba su.

To ni ma ina da nawa sunan da zan ƙara cikin jerin. Ƙanen mahaifiyata. Kakata, Allah ya jiƙanta, kullum tana cewa ta haife shi daren da soja suka kama Diori, dan da gari ya waye maza sun taru gindin rediyo ba wanda ya zo barka sai da hantsi. Ke nan kawuna ɗan 15 ga Afrilu 1974 ne. Amma ku duba katinsa: né vers 1976. Ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, mushe ya ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, ya dube shi, ya yanka ma shi shekaru. Leonardo na 1452 yana da rana har da lokaci, kawuna na 1974 yana da "wajen". Ku ɗaga hannu, wa ke da uba ko uwa mai né vers a takarda? Wa aka rubuta ma 1 ga Janairu? Ku waiga ku gani. Kusan rabin fili.

Ba wai kakanninmu ba su da lissafi ba. Suna da shi, da abin da ya faru suke ƙirgawa: shekarar Kakalaba, shekarar fara, shekarar El Buhari. Ku lura da wannan. Titanic ya nutse a 1912. Shekara ɗaya zuwa biyu bayan haka, 1913 da 1914, yunwar Kakalaba ta share ƙauyuka a ƙasar Hausa. Mutanen Titanic akwai sunayensu, da shekarunsu, da kuɗɗin tikitin da suka biya, kana iya buɗe intanet yanzu ka karanta. Na Kakalaba fa? Kakannin kakanninmu ne, ba mu da sunan ko goma a takarda. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 cikin hamada arewa da Arlit, akasari mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Wa zai iya kawo mini sunan mutum ɗaya? Ƴanmatan Chibok, abin da ya hana a binne maganarsu shi ne iyaye da masu fafutuka sun riƙe sunaye suna kira ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Notre-Dame ta ƙone, cikin kwanaki aka yi alkawarin ɗaruruwan miliyoyin yuro, a Disamba 2024 aka sake buɗe ta. A damanar wannan shekarar ta 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, mai shekara sama da 170, ya rushe bayan ruwan sama. Ginin laka yaɓe yake so kafin damina, kowa ya sani. Waccan ma Laraba ce.

Kuma rashin rubutu ba maganar tarihi kaɗai ba ce, yana cin mutum da ransa. Ɗiyar maƙwabtanmu, yarinya mai kai, ta zo ajin jarrabawa aka ce a kawo takardar haihuwa. Babu. An haife ta a gida, an yanka rago, an ci suna, ba wanda ya je meri. Wa'adin da doka ta yanka ya wuce tun tana goye, sai an bi ta kotu. Uban yana ci-rani, uwar ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Kafin a gama kai da kawo an rufe rajista. Shekarar da ta biyo ba ta koma aji ba. Ni ina gida lokacin, da digirina, na san hanyar, na ce sai gobe. Wannan laifin ban aza ma gwamnati shi ba, nawa ne. Wa ya san ko Euler ɗin unguwarmu ce?

Saboda haka ga abin da nike roƙonmu, abu uku, kuma ba wanda ke buƙatar izinin kowa ko kuɗɗin wani ƙetare.

Na ɗaya, daren nan in kun koma gida ku ƙirga yaran gidanku da na maƙwabta, ku tambaya wa ke da takardar haihuwa, wa ba shi da ita. Ku kawo muna sunaye ranar Asabar. Jariran da wa'adinsu bai wuce ba, mu raka iyayensu mata meri ko matarnite. Waɗanda nasu ya wuce, mu haɗa su jeri ɗaya mu bi hanyar kotu tare, mu kuma sa kunne ga lokacin da alƙalai ke fitowa zaman tafi da gidanka. In kun je suna, bayan an yi addu'a an raba goro, ku ja uban jariri gefe ku ce: an rubuta shi?

Na biyu, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, minti ashirin. Ku ce: Baba, ina kake ranar da aka kama Diori? Inna, mi kuka ci shekarar El Buhari? Wa ya rasu, mi sunansa? Ku fara da faɗin sunan mai magana, da garin, da kwanan wata. Ku nemi yardarsu kafin ku watsa. Kowace damina muna binne waɗannan mutane da abin da ke cikin kansu.

Na uku, mu zama masu rubuta Laraba. Littafi ɗaya a kowace fada. Nawa tiyar hatsi wannan mako? Wane famfo ya lalace, tun yaushe? Wane aji ne ba mushe? Wace magudana ta toshe ga damina tafe? Mu rubuta da kwanan wata, mu kai ma mai unguwa da hukuma a takarda, cikin ladabi, mu aje kofi. Zagi a Facebook kwana biyu yake yi ya wuce. Takarda mai kwanan wata tana nan, ranar da abu ya faru ba mai cewa ba a faɗa ba. In kuma an gyara, mu rubuta cewa an gyara, mu yi godiya, dan adalci ta kowane gefe ake yin sa.

Iyayenmu na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. 15 ga Afrilu na baɗi zai zo, ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma wani zai sake turo jerin nan cikin gurup. Ina fatan ranar mu samu abin da za mu ƙara a ƙasa da hannunmu: yara kaza na unguwa kaza sun samu takarda, muryar tsofaffi kaza tana ajiye. Yau da dare cikin garin nan wata mata za ta haihu. Ba mu san ko wane ne zai zama ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada a ce ma shi né vers.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na cikin jeri da waɗanda ba a rubuta ba. Allah ya kashe wutar Sudan, ya maido da ɗiyan mutane gida, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Littafin sunaye yana nan kan tebur kusa da ƙofa, kada kowa ya fita bai rubuta unguwarsa ba.